Daƙiƙa Biyar a Bayan Layi: Koya wa Yara Jefo Ƙwallo a Wasan Ƙwallon Kwando

Gabatarwa

Duk ranar Asabar da safe, in dai ba mu da lacca ko jarrabawa, nakan je wani filin siminti da ke kusa da unguwar Sabo ta garinmu in koya wa yara ƙwallon kwando. Yaran 'yan shekara 10 zuwa 14 ne, maza da mata, wasu Yarabawa ne irina, wasu Hausawa 'ya'yan Sabo, da 'yan Ibo ƙalilan. Ni ba ƙwararren koci ba ne. Na dai buga wasan a sakandare, kuma gaskiya abin da ya fara kai ni filin shi ne neman inda zan riƙa jin Hausa a bakin masu ita. Zuwa yanzu yaran sun gyara mini harshe fiye da yadda na gyara musu hannu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wani wasan sada zumunci ne da muka yi da yaran wata unguwa. Saura daƙiƙa 9 a tashi, abokan karawarmu suka jefa ƙwallo a kwando, amma duk da haka muna gaba da maki ɗaya. Abin da ya rage mana kawai shi ne mu shigo da ƙwallon cikin fili mu riƙe ta har lokaci ya cika. Wani yarona ɗan shekara 12 ya ɗauki ƙwallon ya tsaya a bayan layi. Da ya ɗaga kai, sai ya ga 'yan'uwansa huɗu duk sun ruga can ɗaya gefen filin, kowa ya juya masa ƙeya. Alƙalin wasa yana ƙirga, 'yan kallo suna ihu, ni ma ina ihu. Yaron ya cilla ƙwallon sama ba tare da ya san wa yake ba wa ba. Wani dogon yaro daga cikin abokan karawa ya cafke ta, ya yi taku biyu ya zura ta a kwandonmu. Haka muka tashi.

Asabar biyu yaron bai zo fili ba. Da na je shagon mahaifinsa a Sabo na gaishe shi, sai ya ce mini, "Malam, ɗan naka ya ce ba zai ƙara zuwa ba, wai shi ya jawo aka ci ku." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, laifina ne. Wata shida ina koya musu jifa a kwando, ban taɓa ɗaukar ko minti goma na koya musu abin da aka ci mu da shi ba." Wannan maƙala bayani ce a kan abin da na koya bayan wannan rana.

Mene ne jefowa?

Da yake masu karatun wannan mujalla ɗaliban harshe ne, bari mu fara da kalmar. Yaran Sabo da suka saba da ƙwallon ƙafa "jifa" suke cewa idan ƙwallo ta fita aka dawo da ita da hannu. To amma a ƙwallon kwando kusan komai jifa ne, har da neman maki a kwando. Saboda haka na zaɓi kalmar "jefowa". Wanda ya yi darasin rukunan aikatau zai tuna cewa wasalin "o" na rukuni na 6 yana nuna aikin da aka yi daga can zuwa nan. "Jefa" daga nan zuwa can ne, "jefo" kuwa daga waje ne zuwa wurin da muke, wato cikin fili. A wannan maƙala, wanda ya tsaya a waje da ƙwallo shi ne mai jefowa, wanda aka ba shi ne mai karɓa.

Ana yin jefowa duk lokacin da ƙwallo ta fita daga fili, da bayan an jefa ƙwallo a kwando, da bayan yawancin laifuffuka, da kuma farkon kowane zango in ban da na farko. Mai karatu zai ga cewa wannan abu ne da ke faruwa kusan kowane minti. Duk da haka, mu masu koyar da yara mukan bar shi a baya, domin ba ya burge kowa. Ba yaron da ya taɓa zuwa wurina ya ce yana son ya iya jefowa. Kowa jifa daga nesa yake so.

Dokar daƙiƙa biyar ta girmi kusan duk sauran dokokin da muka sani a yau. Lokacin da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a garin Springfield na Amurka a 1891, ya rubuta dokoki 13, kuma a ta tara ya ba mai jefowa daƙiƙa biyar, in ya wuce haka a ba abokan karawa. Sai dai a wancan lokaci wanda ya fara taɓa ƙwallon bayan ta fita shi ke jefowa, don haka 'yan wasa kan yi ta rige-rige da ture-ture a wajen fili. Daga baya aka sauya, aka ce ƙungiyar da ta taɓa ƙwallon a ƙarshe ita ta rasa ta. Haka kuma, a da duk lokacin da aka ci sai a koma tsakiyar fili alƙali ya cilla ƙwallon sama. A 1937 aka daina wannan a Amurka, aka koma jefowa daga ƙarƙashin kwando.

Abin da doka ta ce

A Nijeriya dokokin hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wato FIBA, muke bi. Wannan yana da muhimmanci, domin yara suna kallon gasar NBA ta Amurka a waya da talabijin, suna zuwa fili da dokokin can.

Daga lokacin da ƙwallo ta shiga hannun mai jefowa, yana da daƙiƙa 5 ya sake ta. Ba a yarda ya taka cikin fili ba alhali ƙwallon tana hannunsa. Ba a yarda ya jefa ta kai tsaye cikin kwando ba, ba kuma zai sake taɓa ta ba sai wani ɗan wasa ya taɓa. Idan alƙali ne ya miƙa masa ƙwallon a wani wuri, to a nan zai tsaya. Tafiyar da aka yarda masa zuwa dama ko hagu ba za ta wuce mita ɗaya ba gaba ɗaya, amma yana iya ja da baya iyakar inda wuri ya ba shi dama. Shi kuma mai tsare shi ba zai tsallako da hannu ko wani sashe na jikinsa bisa layi ba kafin a saki ƙwallon. Agogon wasa ba ya tashi sai ƙwallon ta taɓa wani a cikin fili.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata kowane yaro ya haddace. Idan abokan karawa ne suka jefa ƙwallo a kwandonku, mai jefowa ba a ɗaure yake ba. Ba sai ya jira alƙali ba, kuma yana da ikon ya yi gudu a bayan layin ƙarshe daga wannan kusurwa zuwa waccan, faɗin mita 15 ke nan. Yana ma iya miƙa wa ɗan'uwansa da shi ma ya fito bayan layin, shi kuma ya jefo, muddin ba a wuce daƙiƙa biyar ɗin ba. Yarona da na ba da labarinsa bai san wannan ba. Ya tsaya cak a ƙarƙashin allon kwando, wurin da ya fi ko'ina muni, domin allon yana tare jifan sama. Yanzu na sa wa wuraren biyu suna. Idan na ce "ɗaure", yaro ya san ba zai motsa ba. Idan na ce "sake", ya san layin duka nasa ne.

Abu na biyu da talabijin ke rikita yara da shi shi ne neman ɗan hutu. A NBA mai jefowa da ya rasa wanda zai ba yana iya neman a tsayar da wasa. A dokar FIBA ɗan wasa ba ya neman hutu, koci ne ke nema a teburin masu lissafi, kuma da zarar ƙwallo ta shiga hannun mai jefowa damar ta wuce. Na uku, idan a ɓangaren abokan karawa kuke jefowa, ba a yarda ku mayar da ƙwallon ɓangarenku ba, wato ta tsallaka layin tsakiya zuwa baya.

Sannan ga wata doka da aka yi kamar don irin filayenmu. Filin da muke wasa, tsakanin layin gefe da wayar da ta kewaye shi bai fi taku biyu ba, ɗaya gefen kuma kwata ce. Doka ta ce idan sararin da ke bayan layi bai kai mita 2 ba, to dole sauran 'yan wasa su ja baya da mita ɗaya daga mai jefowa. Kafin kowane wasa nakan tuna wa alƙali wannan cikin ladabi, domin idan ba a faɗa ba yaro zai tsaya bayansa na jingine da waya, hannun mai tsare shi na kan hancinsa.

Aikin na mutum biyar ne

Ga babban abin da nake son in faɗa. Idan jefowa ta lalace, kowa mai jefowa yake zagi, domin shi ne aka gani da ƙwallo. Amma a yawancin lokuta laifin na mutum huɗun da ke cikin fili ne, da kocin da bai gaya musu inda za su tsaya ba. Mai jefowa ba zai iya buga ƙwallon a ƙasa ya gudu da ita ba, ba zai iya neman maki ba, sau da yawa ma ba zai iya motsawa ba. Kuma da yake shi yana waje, a cikin fili mutum huɗu ne ke fama da biyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka ni daga masu karɓa nake fara koyarwa. Yaron da ya taso da ƙwallon ƙafa, da ya ga ɗan'uwansa zai yi jifa sai ya ruga gaba neman sarari. A babban fili wannan dabara ce, amma filin ƙwallon kwando tsawonsa mita 28 ne kacal, kuma ƙaramin yaro ba shi da ƙarfin da zai aika ƙwallo nesa ba tare da ta yi lilo a sama ba. Ƙwallon da ta daɗe a sama kuwa ta kowa ce. Abin da nake koya musu shi ne kishiyar haka. Ka yi taku biyu ko uku kamar za ka tafi, idan mai tsaronka ya bi ka sai ka dira ƙafa ka juyo da sauri ka nufo ƙwallo. Ka miƙa hannu biyu a ɓangaren da mai tsaronka ba ya nan, domin mai jefowa ya ga inda zai saka ta. Kada ka tsaya jiran ƙwallo ta iso ka, ka tarye ta. Idan kuwa mai tsaronka ya riga ka shiga gaba don ya hana ka karɓa, to ya bar bayansa a buɗe, sai ka zagaya ta can.

Idan ka karɓa, kada ka yi saurin buga ta a ƙasa. Wannan ita ce cutar yara. Ka riƙe ta da hannu biyu kusa da ƙirji, ka kafe ƙafa ɗaya, ka juya ka fuskanci inda za ku, ka duba tukuna. Akwai kuma wurin da ba na son a karɓi ƙwallo sai dole, wato kusurwar fili. Layi biyu sun riga sun tsare ka, idan mutum biyu suka zo sun rufe ka ruf. Nakan ce wa yara layi ɗan wasan abokan karawa ne da ba ya gajiya, domin shi kansa layin waje ne, wanda ya taka shi da ƙwallo a hannu ya fita.

Bayan wannan sai dabarar katanga. Ma'anarta ɗan wasa ya je ya tsaya ƙyam a kan hanyar mai tsaron ɗan'uwansa, ƙafafu a ware, hannuwa a naɗe a jiki, har ɗan'uwan ya zagaya ta gefensa ya kuɓuta. Sharaɗin shi ne mai katanga ba ya motsi, ba ya turi, in ya motsa laifi ne. Abin lura a nan, wanda manya ma kan manta, shi ne sau da yawa mai katangar ne ke zama a sake. Masu tsaro biyu kan bi wanda ya zagaya, su bar shi shi kaɗai. Don haka da zarar ɗan'uwanka ya wuce, kai ma juyo ka nemi ƙwallo.

Mai jefowa

Ba lallai ne wanda ya fi kowa iya wasa ya zama mai jefowa ba. Wanda ya fi iyawa shi ake son ya karɓa. Wanda ake nema a bayan layi shi ne mai natsuwa, mai ido, in da hali mai ɗan tsawo. A ƙungiyata wata yarinya ce 'yar shekara 13 da ba ta cika cin maki ba, amma ko ana ruwan ihu ba ta rawar jiki. Duk da haka a wurin atisaye kowa nake sa wa ya yi, domin ranar wasa ba ka san wa ƙwallo za ta faɗo kusa da shi ba.

Ina koya masa ya tsaya taku ɗaya a bayan layi, ba a kan layi ba. Hakan yana ba shi sararin gani, yana kuma ba shi inda zai ɗora ƙafa idan zai yi jifa da ƙarfi. Kada ya zura wa wanda zai ba ido, domin mai tsaro idonsa yake karantawa. Ya yi kamar zai jefa sama, idan mai tsaro ya ɗaga hannuwa sai ya bugo ta ƙasa ta bi ta gefen ƙafarsa. Ya yi kamar zai ba dama ya ba hagu. Yaran ƙwallon ƙafa sukan ɗauka dole sai da hannu biyu ta bisa kai, alhali a nan babu wannan doka. Ta ƙirji, ta ƙasa, ta sama, da hannu ɗaya, duk ya halatta.

Sai maganar ƙirga. Wata rana na sa yara duka suka rufe ido, na ce kowa ya ɗaga hannu idan ya ji daƙiƙa biyar sun cika. Kusan duka sun ɗaga tun agogona bai kai uku ba. A nan na gane cewa yaro ba rashin lokaci ke damunsa ba, tsoro ne ke gajarta masa lokacin. Yanzu sukan ƙirga a zuci, "dubu da ɗaya, dubu da biyu", har zuwa biyar, domin faɗin haka yana cin kimanin daƙiƙa guda. Na kuma raba musu lokacin. A ɗaya da biyu ka duba wanda aka shirya za a ba. A uku ka duba na biyu. A huɗu ka ba mai jiran ko-ta-kwana, wato ɗan wasa ɗaya da aikinsa kawai shi ne ya ja can nesa da cunkoso ya zama mafita. In a ɓangaren abokan karawa ne, ya kula kada ya tsallaka layin tsakiya.

To idan har biyar ta zo babu kowa fa? A nan ra'ayina ya saɓa da na wasu masu koyarwa, waɗanda ke cewa a jefa ko ta halin ƙaƙa. Ni ina ganin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan alƙali ya busa usur ya ba su ƙwallo, su ma sai sun fita waje sun jefo, ku kuma kun sami lokacin da kowa zai kama nasa. Amma idan ka cilla musu ita a ƙarƙashin kwandonku, maki biyu ka ba su kyauta. Idan jifan ya zama dole, to ya kasance mai nisa, can ɓangarensu, kada ya ratsa ta gaban kwandonku.

Wannan kuskure ba na yara kaɗai ba ne, kuma na ba yarona labarin da ya sanyaya masa zuciya. A 1987, a wasa na biyar na karawar Detroit Pistons da Boston Celtics a gasar NBA, Detroit na gaba da 107 da 106, saura daƙiƙa 5, kuma su ke da jefowa. Isiah Thomas, wanda yake cikin manyan 'yan wasan zamaninsa, ya yi gaggawa ya jefo ƙwallon a sanyaye zuwa wajen kwandonsu. Larry Bird ya fizge ta ya miƙa wa Dennis Johnson, aka tashi Boston na da 108. Bayan shekara biyu Isiah Thomas ɗin nan ya jagoranci Detroit ta ci kofin, ta sake ci a 1990.

Abu na ƙarshe ga mai jefowa, da ya saki ƙwallo ya shigo fili da gudu. Yara sukan tsaya a waje suna kallo kamar an sallame su. Alhali a wannan lokaci shi ne wanda ba mai tsaronsa, domin idon kowa ya bi ƙwallo. Sau da yawa mafi sauƙin makin da muke samu shi ne a jefo, a mayar wa mai jefowa, ya ci.

Tsari biyu sun isa

A intanet akwai zane-zanen dabarun jefowa da ba su ƙirguwa, kuma na taɓa faɗawa tarkonsu. Na kwafo guda shida na kai wa yara, ranar wasa ba wanda ya tuna ko ɗaya. Yanzu biyu muke da su.

Na farko mun sa masa suna "sahu". Mutum huɗu su jeru ɗaya bayan ɗaya suna fuskantar mai jefowa. Idan ya mari ƙwallo da tafin hannu, alama ke nan. Na gaba ya yi dama, na biyu ya yi hagu, na uku ya shigo ramin da suka bari a tsakiya, na huɗu ya ja baya ya zama mai jiran ko-ta-kwana. Wannan yana aiki a gefen fili, yana aiki a ƙarƙashin kwando. Na biyu shi ne "akwati", wanda muke yi idan a ƙarƙashin kwandon abokan karawa muke jefowa. Kowa ya tsaya a kusurwa ɗaya ta akwatin da aka zana a gaban kwando. Biyun da ke kusa da kwando su hau sama su yi wa na saman katanga, na saman su gangaro, masu katanga su juyo, ɗaya ya nemi ƙwallo ɗaya ya ja baya.

Sunayen Hausa sun yi mana rana na ɗan lokaci, domin yawancin waɗanda muke karawa da su ba sa jin abin da muke kira. Ranar da muka haɗu da ƙungiyar da ke da yaran Hausawa biyu, mai jefowarmu na cewa "sahu" sai ga su sun riga mu jeruwa suna dariya. Amma ko da sun sani, tsarin ya yi aiki, domin sanin inda mutum zai bi daban, tare shi daban.

Yadda muke atisaye

Minti goma na ƙarshen kowace Asabar na jefowa ne. Da gangan na ajiye shi ƙarshe, lokacin da yara suka gaji rana ta fara zafi, domin a irin wannan hali ne ake kuskure ranar wasa. Mukan fara da biyu da biyu a ɗan ƙaramin wuri da na shata da alli, ba katanga, sai yaudarar ƙafa. Daga nan sai uku da uku da katanga. A ƙarshe sai huɗu da biyar, wani lokaci ma nakan ƙara mai tsaro na shida don abin ya yi tsanani. Ni ke ƙirga da ƙarfi ina kaɗa hannu kamar alƙali, sauran yara kuma na ba su izinin su yi ihu iya ƙarfinsu. Duk jefowar da ta isa hannu lafiya maki ɗaya ce, duk wadda aka ƙwace maki biyu ne ga masu tsaro. Ƙananan 'yan ƙasa da shekara 12 da ƙwallo mai lamba 5 suke yi, domin mai lamba 7 ta manya tana yi musu nauyi, tana sa su jifan lilo.

Masu tsaro ma suna koyon nasu a nan. Tambayar da ake yawan yi ita ce, a sa mutum a gaban mai jefowa, ko a bar shi a je a tare masu karɓa da mutum biyar? Tarihi ya nuna haɗarin barinsa. A wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta 1972 a birnin Munich na Jamus, Amurka na gaba da 50 da 49, saura daƙiƙa 3. Bayan ruɗani a kan agogo da neman hutu, sau uku Tarayyar Sobiyet tana jefowa. A na ukun mai tsaron Ivan Edeshko ya ja baya, shi kuwa ya auna ya aika ƙwallon tun daga wannan ƙarshen fili har wancan, Alexander Belov ya cafe ya ci, aka tashi 51 da 50. 'Yan wasan Amurka sun ƙi karɓar lambar azurfa saboda takaddamar. Haka a 1992 a gasar jami'o'in Amurka, Kentucky ba ta sa kowa a gaban Grant Hill na Duke ba, saura daƙiƙa 2.1. Ya jefa wa Christian Laettner daga nesa, ya juya ya ci, Duke ta yi nasara da 104 da 103. Ga yara dai ni kullum ina sa mutum a gaban mai jefowa, ya ɗaga hannuwa yana tsalle, amma kada ya tsallaka layi.

Shi kuwa yaron nan, mahaifinsa da kansa ya rako shi fili a Asabar ta uku. Ban ce masa komai a kan wancan wasa ba. Na tara yaran duka, na mayar da kowa daidai inda yake tsaye a waccan daƙiƙa ta 9, na ba shi ƙwallo, na tambayi sauran huɗun wa zai ba a cikinsu. Suka dubi juna, ba wanda ya amsa. Muka sake yi, wannan karon na ce "sake". Ya yi gudu zuwa kusurwar dama, mai tsaronsa ya bi shi a makare, ɗan'uwansa ya taryo, ya bugo masa ita ta ƙasa tun ina "dubu da biyu". Ya juyo ya ce mini, "Koci, ashe da ma ana gudu a nan?" Na ce ana yi. Muka maimaita sau goma kafin mu tashi.